Wa Ke Da Ƙofar Gida? Yadda Ƙananan Hukumomin Ingila Ke Raba Gardamar Ajiye Mota

Shekarun baya, lokacin da na yi ɗan zama a wani gari na arewacin Ingila domin aikin bincike, na kama hayar ɗaki a wani layi mai gidaje irin na zamanin Sarauniya Biktoriya, waɗanda aka gina su manne da juna, babu gareji, babu tsakar gida ta gaba, ƙofar kowa tana buɗewa kai tsaye a bakin titi. Layin bai fi tafiyar minti biyar ba daga tashar jirgin ƙasa. Kullum da sassafe mutane daga ƙauyukan kewaye sukan zo su jera motocinsu a bakin ƙofofinmu, su hau jirgi su tafi wajen aiki, ba su dawowa sai bayan faɗuwar rana. Wata dattijuwa maƙwabciyata, wadda ciwon gwiwa ya hana ta doguwar tafiya, in ta fita cefane da mota ta dawo, sai ta yi ta kewaya unguwa kafin ta sami inda za ta tsaya, sannan ta ɗauko kayanta tana ɗingishi zuwa gida. Ita ce ta fara zagayawa gida-gida da takardar koke, kuma daga wannan takarda ce na fara fahimtar abin da nake son in tattauna da mai karatu a yau.

Da farko dai, ya kamata mu san matsayin doka. A Ingila mai gida ba shi da wani haƙƙi na musamman a kan kwaltar da ke gaban gidansa. Titi na jama'a ne, asalin haƙƙin da kowa ke da shi a kansa shi ne ya wuce ya dawo, kuma muddin ba a kafa wata ƙa'ida ba, baƙon da ya zo daga wani gari daidai yake da mai gida wajen yin fakin. Saboda haka wanda ya fito da kujera ko kwandon shara ya tare wuri domin motarsa, shi ne ya saɓa doka, ko da kuwa a gidan aka yanke cibiyarsa. Hanya ɗaya ce mazauna layi ke da ita ta samun fifiko, wato su roƙi hukumar da ke kula da titunan yankinsu ta keɓe musu gefen titin, ta yadda a wasu sa'o'i ba mai ajiye mota sai wanda ya mallaki takardar izinin mazauni. A Landan ƙananan hukumomin birnin ne ke da wannan iko a kan mafi yawan tituna, a wasu yankuna kuwa majalisar gunduma ce ke riƙe da shi.

Tarihin abin ba shi da tsawo sosai. A watan Yulin 1958 aka kafa mitocin karɓar kuɗin fakin na farko a Birtaniya, a dandalin Grosvenor da ke tsakiyar Landan, inda ake biyan sisi a kowace awa. A 1960 aka fito da ma'aikata na musamman masu sintirin duba motocin da aka ajiye. Dokar da ake aiki da ita yanzu wajen keɓe wuraren fakin ita ce Dokar Tsara Zirga-zirgar Tituna ta 1984. Wata dokar ta 1991 ta buɗe hanyar cire laifin fakin daga hannun 'yan sanda a mayar da shi hannun ƙananan hukumomi, kuma hukumomin Landan suka karɓi aikin gaba ɗaya a 1994. Daga nan ne hukuma ɗaya ta zama ita ke shata layi, ita ke sayar da izini, ita ke cin tara. Mai karatu zai ga cewa wannan haɗuwar iko uku a hannu guda ita ce tushen mafi yawan zargin da ake yi wa tsarin.

To, yaya ake bi da koken idan ya isa ofis? Kowace hukuma tana da nata ƙa'idojin, amma matakan sun yi kama da juna. Mataki na farko shi ne a tabbatar cewa ba mutum ɗaya ne mai ƙorafi ya tayar da maganar ba. Ana neman sa hannun wani kaso na gidajen layin, sau da yawa kuma ana son kansilan mazaɓar ya nuna goyon baya. Bayan haka sai injiniyoyi su zo su yi ƙidaya. Sukan rubuta lambobin motocin da ke layin da asuba, lokacin da ake sa ran motocin masu gida ne kaɗai, su sake rubutawa da hantsi, da rana, da kuma dare. Idan aka kwatanta lambobin, za a gane ko baƙi ne ke cika layin, ko kuwa motocin mazauna ne suka yi wa titin yawa. Wannan bambanci shi ne ƙashin bayan shawarar duka, domin takardar izini tana korar baƙo ne kawai, ba ta ƙara wa titi tsawo.

Bari mu yi misali domin abin ya fito fili. A ɗauka layi ne mai gida 60, gefensa kuma yana ɗaukar mota 50. In ƙidaya ta nuna cewa motocin mazauna 35 ne, amma da rana layin cike yake maƙil, to baƙi ne matsalar, kuma tsarin izini zai yi magani. In kuwa motocin mazauna 70 ne, saboda wasu gidajen an raba su ɗaki-ɗaki ga 'yan haya, wasu kuma suna da mota biyu ko uku, to ko an kori kowane baƙo, mota 20 ba su da wurin kwana. A irin wannan hali hukuma takan ƙi amincewa da koken, tana mai cewa ba za ta sayar wa mutane takardar da ba za ta amfane su ba. Har ma inda aka amince, sau da yawa yawan wuraren kan ragu, domin idan aka zo shata layi a hukumance dole a bar kusurwoyi da mashigai a buɗe saboda motar kashe gobara da motar asibiti da motar kwasar shara, wuraren da a da mutane ke cusa motoci ba tare da kowa ya tanka ba.

Idan ƙidaya ta goyi bayan masu koke, sai a shiga jin ra'ayi. Ana aika wa kowane gida da kowane kanti takarda mai ɗauke da taswira da tambayoyi: kana son tsarin ko ba ka so, a waɗanne ranaku, daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa. A nan ake ganin wata dabara mai ban sha'awa. A unguwanni da dama da ke kusa da tashoshin jirgi, awa ɗaya ko biyu kacal ake hana baƙo fakin, a tsakiyar rana. Wanda ya tafi aiki tun safe ba zai iya dawowa ya gusar da motarsa a wannan awa ba, don haka dole ya nemi wani wuri, alhali mai zuwa gaisuwa da yamma ko mai sayayya da safe bai takura ba. A unguwannin da ke kusa da asibiti ko jami'a ko filin ƙwallo kuwa, sa'o'in sukan fi tsawo, wani lokaci har da ranakun wasa kaɗai.

Bayan jin ra'ayi na share fage, sai matakin doka. Ƙa'idojin 1996 sun wajabta wa hukuma ta buga sanarwar abin da take nufin yi, ta tuntuɓi shugaban 'yan sanda da sauran hukumomin da abin ya shafa, ta ajiye takardun inda kowa zai iya dubawa, sannan ta ba da aƙalla kwana 21 domin duk mai ja ya rubuto dalilinsa. Wajibi ne a duba kowace suka kafin a zartar, kuma a sanar da mai sukar abin da aka yanke. Ko bayan an sa hannu a kan umarnin, wanda yake ganin an tsallake ƙa'ida yana da mako shida ya garzaya Babbar Kotu. Idan aka haɗa wannan da jiran layi, domin koke-koke sun fi kuɗin da ke hannun hukuma yawa, ba abin mamaki ba ne a shekara ɗaya ko biyu, wani lokaci ma fiye, tsakanin ranar da aka miƙa takarda da ranar da aka kafa allon farko.

A matsayina na ɗalibin harshe, abin da ya fi jan hankalina a cikin wannan tsari shi ne yadda rigimar duka ta rataya a kan ma'anar kalmomi ƙalilan. Ta farko ita ce kalmar mazauni. Wane ne mazauni? Mai gida da ɗan haya ba a gardama a kansu, muddin sun kawo shaidar adireshi da takardar motar da ke ɗauke da wannan adireshin. Amma ina matsayin mai kanti da ke buɗewa a layin shekara 20, yana kwana a wata unguwa? Ina matsayin ma'aikaciyar jinya da ke zuwa wa tsoho wanka kullum, ko 'yar da ke zuwa duba mahaifiyarta, ko malamin makarantar da ke ƙarshen layin? Saboda waɗannan ne aka ƙirƙiro izinin 'yan kasuwa, da izinin masu kula da marasa lafiya, da 'yan takardun baƙi da mai gida ke saya ya ba wanda ya ziyarce shi. Akwai kuma sababbin gine-gine da ake ba izinin gini bisa sharaɗin cewa mazaunansu ba za su sami takardar fakin a titi ba, wato mutum yana zaune a layin amma a idon tsarin ba a lissafa shi.

Kalma ta biyu ita ce izini. Mutane da yawa sukan ɗauka sun sayi wuri ne, alhali hukumomi suna rubutawa ƙarara cewa takardar ba ta ba ka tabbacin samun gurbi, balle a ƙofar gidanka. Abin da ka saya shi ne damar neman wuri a cikin yankin ba tare da an ci ka tara ba. Rashin fahimtar wannan bambanci ya sa mutane da dama suka kaɗa ƙuri'ar amincewa, daga baya suka dawo suna cizon yatsa, domin sun fara biyan kuɗi a kan abin da a da suke samu kyauta, ga shi kuma har yanzu suna kewaye-kewaye da dare.

Kalma ta uku, wadda ta fi sauran nauyi, ita ce tuntuɓa. A Hausa muna bambanta shawara da sanarwa, kuma kowa ya san zafin a kira shi shawara bayan an riga an gama magana. Kotunan Ingila sun yi wa wannan kalma iyaka tun a 1985, a wata shari'a da ta shafi rufe makarantu a ƙaramar hukumar Brent, kuma Kotun Ƙoli ta jaddada ƙa'idojin a 2014. Ƙa'idojin huɗu ne: a tuntuɓi mutane tun shawara tana ɗanya, a ba su cikakken dalili yadda za su iya yin tunani su ba da amsa, a ba su isasshen lokaci, sannan a auna abin da suka faɗa da gaskiya kafin a yanke hukunci. Duk da haka, tuntuɓa ba zaɓe ba ce. Hukuma na iya zartar da abin da mafi yawa suka ƙi, in ta nuna dalili na kare rayuka ko sauƙaƙa zirga-zirga.

A nan ne kuma matsalar shiru ke shigowa. A irin wannan jin ra'ayi, gidaje da yawa ba su mayar da takarda. Hausawa sun ce shiru ma magana ce, amma ba su ce mana wace magana ba ce. Wasu hukumomin sukan lissafa waɗanda suka amsa kaɗai, wasu kuma sukan ce sai adadin amsoshin ya kai wani mizani kafin a ɗauki sakamakon da muhimmanci. Waɗanda suka fi yin shiru kuwa sanannu ne: 'yan haya na ɗan lokaci, masu aikin dare, tsofaffin da ba su saba da cike takarda ta intanet ba, da baƙin haure waɗanda Turancin ofis ke yi musu nauyi. A layinmu na ga iyalin da suka jefa takardar a shara suna zaton talla ce, ba su san abin da ake ciki ba sai ranar da suka tarar da takardar tara a gilashin motarsu. Harshen da aka rubuta sanarwa da shi yana daga cikin abubuwan da ke tantance wanda za a ji muryarsa.

Sai kuma batun kuɗi, wanda shi ne ke tayar da jijiyar wuya. Dokar 1984 ta yarda a karɓi kuɗin izini, ta kuma ce a buɗe wa kuɗin fakin asusu na daban, in an sami rara a kashe ta a kan abubuwan da aka lissafa, kamar gyaran hanya da tallafa wa sufurin jama'a da kyautata muhalli. Amma tun a 1995, a wata shari'a da mazauna suka yi da ƙaramar hukumar Camden, kotu ta bayyana cewa wannan doka ba ta tara haraji ba ce. A 2011 ƙaramar hukumar Barnet da ke arewacin Landan ta ɗaga kuɗin izinin motar farko daga fam 40 zuwa fam 100 a shekara, ta ɗaga takardar baƙo daga fam 1 zuwa fam 4. Wani mazauni ya kai ƙara, kuma a watan Yulin 2013 Babbar Kotu ta yanke cewa ƙarin ya saɓa doka, domin manufarsa ita ce samo kuɗin wasu ayyukan sufuri, ba daidaita fakin ba. Hukumar ta mayar wa mutane kuɗinsu. Darasin shi ne, rara in ta zo da kanta ba laifi, amma a ƙulla farashi da niyyar neman rara, wannan doka ba ta yarda ba.

Akwai wata illa da ko masu goyon bayan tsarin ba su musanta ta. Idan aka kori baƙi daga layi ɗaya, ba sa ɓacewa, layi na gaba suke komawa. Mazauna can su ma sai su rubuta nasu koken, a haka yankin ke ta faɗaɗa kamar ɗigon mai a kan takarda. Saboda haka wasu hukumomin suka daina sauraron layi ɗaya-ɗaya, suka koma tsara unguwa sukutum. Birnin Bristol ya gwada wannan da ƙarfi bayan an zaɓi George Ferguson magajin gari a 2012. Ya shimfiɗa yankunan izini a unguwannin da ke kewaye da tsakiyar birnin, abin ya jawo zanga-zanga, har a 2014 'yan kasuwar unguwar Clifton suka fito da tankar yaƙi kan titi domin nuna fushinsu. Batun yana cikin abubuwan da aka yi ta muhawara a kansu a zaɓen 2016, wanda ya sha kaye a hannun Marvin Rees. Tsarin da ya taso daga koken jama'a da wanda aka sauko da shi daga sama suna iya zama iri ɗaya a kan taswira, amma ba ɗaya suke ba a zukatan mutane.

Mai karatu na iya tambaya, me ya haɗa mu da wannan? Duk wanda gidansa ke kusa da babbar kasuwa ko asibiti ko ɗakin taron biki a Kano ko Kaduna ya san amsar, domin ya taɓa fitowa ya tarar an toshe masa ƙofa. Maganin da muka saba da shi shi ne na ƙarfin hali: a jera duwatsu, a kafa ƙarafa, a sa maigadi, ko a sace iskar tayar baƙo. Alhali Tsarin Mulkin 1999, a Jadawali na Huɗu, ya ɗora wa ƙananan hukumomi ginawa da kula da titunan cikin gari, da kula da tashoshin mota, da sa wa tituna suna da ba gidaje lamba. Dokar haraji ta 1998 ma ta lissafa tarar fakin ba bisa ƙa'ida ba a cikin abin da ƙaramar hukuma ke karɓa. Abin takaici shi ne ɓangaren karɓar ne aka fi riƙewa da hannu biyu. Mun kuma ga yadda a 2014 Babbar Kotun Abuja ta soke tsarin biyan kuɗin fakin a titunan birnin saboda babu dokar da ta ba da ikon karɓar kuɗin.

Ba ina cewa a kwaso tsarin Ingila a dasa mana ba ne. Tsarin izinin mazauni ba ya tsayuwa sai da adireshi tabbatacce da rajistar mota mai ɗauke da shi, mu kuwa gidaje da yawa a biranenmu ba su da lamba tukuna. Abin da ya cancanci koyi shi ne jerin matakan. A fara da sauraron koke, a ƙidaya kafin a yanke hukunci, a sanar da mutane cikin harshen da suke ji, a ba su wa'adin suka, a rubuta dalilin amincewa ko ƙi, a ware asusun da kowa zai iya bincika, sannan a bar ƙofar kotu a buɗe. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 a kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi 774, ana ta magana a kan abin da zai shiga asusunsu. Ya kamata a yi magana daidai da haka a kan yadda za su riƙa amsa wa talaka idan ya kawo kuka, ko da kukan bai wuce na ƙofar gidansa ba.

Ita kuwa dattijuwar layinmu, na baro garin koken nata yana kan layi. Daga baya ta rubuto mini cewa an kafa allunan, an hana baƙi fakin na awa biyu da tsakar rana, kuma yanzu takan sami wuri kusa da ƙofarta in ta dawo daga cefane. Ta ƙara da cewa mutanen layin da ke bayanmu sun daina gaishe ta, kuma su ma sun fara zagayawa da tasu takardar.